Yadda ake shirya Kirsimeti a Abuja ba tare da rana ta ɓata miki tukunya ba

Shekarar da muka taso daga Jos muka tare a Karu, na yi Kirsimeti irin na gidanmu sak. Ƙarfe huɗu na asuba na ɗora tukunya, kafin shida dafa-duka ta tsotse, na juye a manyan kuloli biyu na rufe, na yanka kabeji da karas na zuba masa bama, muka tafi sujada. Haka Mama take yi tun muna yara, ba ta taɓa samun matsala ba. Da la'asar surukaina suka iso, na buɗe kula ta biyu, sai wani tsami ya buge ni, shinkafar tana yauƙi a jikin cokali. Indomie na dafa wa baƙin Kirsimeti, har yau ƙannen maigidana ba su daina tsokanata da ita ba.

Laifin ba na hannuna ba ne, na agogona ne. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, a watan Disamba sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 15, wuni ma da sauƙi, to abinci yana jure zama. Abuja kuwa da safe za ki nemi rigar sanyi, amma da tsakar rana zafi ya haura digiri 30, ɗakin girki mai rufin kwano ya fi haka nesa. Hotunan da ke jikin katin Kirsimeti, dusar ƙanƙara da murhu da mutane cikin bargo, na Turai ne da Amurka ta Arewa. A Ostireliya da Afirka ta Kudu da Brazil, Disamba lokacin zafi ne, shi ya sa mutanen Sidni suke tafiya bakin teku ranar 25, abincinsu ma mai sanyi ne, jatan lande da 'ya'yan itace, 'yan Afirka ta Kudu kuma su hura gawayi a waje su gasa nama. Sun daidaita bikin da ranarsu. Mu namu yanayin ya fi nasu rikici, domin hunturu ne da rani a rana guda: sanyi da asuba, ƙuna da azahar, ƙura ko da yaushe. Duk shirin da ke ƙasa a kan wannan aka gina shi.

Mataki na farko: kuɗi da ɗinki, tun Nuwamba

Ki zauna da maigida ku ƙirga baki, ba na gida kaɗai ba. Ku rubuta gidajen da za a kai wa kwano, ku ƙara mutum biyar ko shida na waɗanda za su faɗo ba sanarwa, domin za su faɗo. Daga wannan lissafin ake sanin mudu nawa, kaji nawa. A tukunyata mudu ɗaya na shinkafa yana ciyar da manya takwas idan da nama da salak a gefe, idan samari ne ki ce shida. Daidai ruwa daidai tsaki: in kwasar adashe ba ta kai akuya ba, kaji biyu masu ƙiba sun wadatar.

Ɗinki kuma, ki kai kafin Nuwamba ya ƙare. Telan da ya ce miki "ranar ashirin da uku in Allah ya yarda" a tsakiyar Disamba, yana nufin sabuwar shekara. Na taɓa tsayawa a kan wani har sha ɗayan dare ranar jajibere yana haɗa hannun rigar 'yata da fitilar waya. Wajen zaɓen yadi, ki tuna yara za su wuni cikin kayan nan a rana. Atamfa ta auduga da shadda marar nauyi suna shan iska. Rigunan kanti masu raga uku-uku da kwat ɗin yara maza mai ɗamarar wuya suna da kyau a hoto, amma kafin a gama wa'azi yaron ya fara kuka yana sosa wuya. Idan Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, ta fitar da anko, wannan ba ki da zaɓi, sai dai ki roƙi tela kada ya sa masa shafi mai kauri.

Mataki na biyu: busasshen cefane da maganar nama

Sati biyu kafin ranar, ki sayo duk abin da ba ya lalacewa: shinkafa, man gyaɗa, fulawa, sukari, soɓorodo, busasshiyar citta, kanumfari, kori, dunƙulen ɗanɗano, tumatirin gwangwani, gawayi ko gas. Gas musamman, kada ki bari sai ranar 24, layin da za ki tarar zai cinye miki wuni. Kasuwannin Wuse da Garki da Utako suna da komai, amma wanda ke zaune a Karu ko Nyanya ya fi sauƙi ya gangara Mararaba, kayan gwari a kasuwar Orange da ke can sun fi arha idan kwando za ki saya ku raba da maƙwabciya.

Nama hanya uku ne. Akwai watanda, wato ku haɗa kuɗi mutum goma ko ashirin a coci ko a unguwa ku sayi sa, a yanka a kasa kashi-kashi. Ita ce mafi arha, amma ku tsayar da ranar yanka da wanda zai riƙe kuɗi tun da wuri, kuma a kasa naman a gaban kowa, hanta da tumbi da ƙashi duk su shiga kowane kashi, nan rigima take fitowa. Akwai akuya ko rago, a nan kasuwar dabbobi ta Dei-Dei ce wurin zuwa. Sai kaji. Idan za ki sayi kajin gidan gona da rai kwana biyar ko mako kafin farashi ya tashi, ki sani zafi yana kashe su fiye da yunwa. Ki ajiye su a inuwa mai iska, kada a cusa su a kwali, ruwa kada ya yanke a gabansu. Kazar da ta buɗe baki tana haki ta saki fukafukai, zafi ne ya kama ta, ki matsar da ita ki ba ta ruwa mai sanyi. Ni na fi son tsofaffin masu ƙwai, namansu yana da tauri, yana jure tafasa da suya ba ya dagargajewa.

Ko wace hanya kika bi, ki nemi Musulmi ya yanka. A gidanmu na Jos haka Baba yake yi duk shekara, a kira malamin unguwa ko mahauci, domin kwanon da za a kai gidan maƙwabta su ci hankali kwance, kamar yadda naman layya yake shigowa gidanmu da Babbar Salla. Idan yaro ya kai kwanon, ki ce ya faɗa: "Mama ta ce a gaya muku malam ne ya yanka." Jimla ɗaya ce, amma ita take sa a buɗe kwanon.

Mataki na uku: cincin, tsakanin 20 da 22

Cincin shi ne abincin da yanayinmu yake so, busasshiyar iskar hunturu tana sa ya daɗe da ƙaras-ƙaras. Ga awona: fulawa kilo ɗaya, sukari kofi ɗaya, bota kamar giram 125, ƙwai biyu, madarar ruwa ƙaramin gwangwani ɗaya, rabin gyaɗar ƙamshi a goge, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya, gishiri ɗan kaɗan. Ki murtsuke botar cikin fulawa har ta yi kamar garin rogo, sannan ki zuba sauran ki kwaɓa da tauri. Ki rufe kwaɓin da leda ko tsumma mai laima, in ba haka ba iska za ta busar da samansa ya tsattsage kafin ki murza. A yanka ƙanana, a soya a wuta matsakaiciya. Idan man ya fara kumfa, garin da kika barbaɗa ne ya yi yawa, ki kakkaɓe kafin ki zuba. A kwashe tun yana ruwan zuma, domin yana ƙara duhu bayan an tsame. Sai ya huce sarai sannan a rufe a bokiti mai murfi, kuma ki ɓoye rabi inda yara ba su sani ba.

Mataki na huɗu: ranar 23, kayan miya da ƙanƙara

Ki fita kasuwa da sassafe ki dawo kafin sha ɗaya. Tumatir, tattasai, attaruhu, albasa: a wanke, a kai niƙa, a dawo a ɗora a wuta nan take har ruwan ya ƙone ya yi kauri. Niƙaƙƙen tumatir ɗanye idan ya wuni a bokiti a wannan zafin, kumfa zai yi. Tafasasshe kuwa, in kika soya shi da mai ya saki, zai kai ranar 25 lafiya ko da wuta tana wasa, muddin kina ɗumama shi safe da yamma. Kabeji da karas da latas da koren wake, yawancinsu daga Filato suke zuwa, ki bar su yadda suke ba yanka, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu a wuri mai sanyi.

A ranar ce kuma za ki fara tara sanyi. Ki cika gorunan ruwa, ki bar ɗan sarari a wuya saboda ruwa yana kumbura idan ya daskare, ki jera a firiza. Amfaninsu biyu: ruwan sha ne ranar biki, kuma su ne za su riƙe firizar idan aka ɗauke wuta. Firiza cikakkiya da ba a buɗewa tana riƙe sanyinta kusan kwana biyu, wadda kayanta rabi ne kuma kwana ɗaya, firij kuwa awa huɗu ne kawai. To ki hana yara buɗe-buɗe. Idan ba ki da firiza, ki yi magana da mai sayar da ƙanƙara tun yau ki ba da kuɗin ajiya, ranar 25 sai wanda ya riga.

Mataki na biyar: jajibere

A yi yanka da safe kafin rana ta ɗaga, kada nama ya yi zaman jira a faranti ƙudaje suna bi. A wanke, a tafasa da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri, a tsame ya tsane, a soya. Kashi biyu nake yi. Wanda za a ci gobe suya mai taushi, a sa a firij. Sauran kuma suya irin ta naman layya, a wuta marar ƙarfi har ruwan jikinsa ya fita ya yi ƙarau, a barbaɗe da yaji, a zuba a kwando ko kwalanda a rufe da tsumma mai tsabta. Wannan ba ruwansa da ɗauke wuta. Kada a rufe shi a leda ko roba da zafinsa, gumin da zai yi shi ne zai ɓata shi. Romon tafasar shi ne ran dafa-duka, amma shi ne kuma ya fi komai saurin lalacewa: ya huce ya shiga firij.

Da yamma a dafa zoɓo. A ɗauraye soɓorodon sau biyu saboda ƙasa, a tafasa da citta da kanumfari da ɓawon abarba da aka wanke sosai, a tace, a sa sukari bayan ya huce, a ɗura a gora a kai firiza. Kunun zaƙi ma yana iya kwana in da sanyi. Kunun aya kam kada ki kuskura ki yi shi yau, sai gobe, kuma daga tacewa sai cikin ƙanƙara. Ba ya yin rabin wuni a waje.

Maganar ado a taƙaice: bishiyar roba da fitilu masu walƙiya sun isa, a kashe su in za a kwanta ko za a fita. Kyandir kusa da labule, a wannan bushewar, neman gobara ne. Haka ma abin fashewar nan da yara suke kira nokawut, 'yan sanda suna hana shi kusan kowace shekara, kuma ciyawar bayan katanga tartsatsi ɗaya take jira. Janareta a waje, nesa da taga, kome sanyin dare kome tsoron ɓarawo. Hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari, ya sha kwashe iyali guda cikin barci.

Idan cocinku tana sujadar dare ko waƙoƙin jajibere, ku tafi da rigunan sanyi. Ki shafa wa yara man kaɗanya ko basilin a leɓe da ƙafa kafin su kwanta.

Mataki na shida: ranar kanta, bisa agogon rana

Nan ne na canza tsarin Mama gaba ɗaya. Dalilin kuwa, shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta wadda tafasa ba ta kashe 'ya'yanta. Idan dafaffiyar shinkafa ta sauka daga zafi ta koma ɗumi-ɗumi ta zauna a haka, sai su farka su saki dafi, kuma ɗumame ba ya kashe wannan dafin. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, idan zafin wuri ya haura digiri 32 awa ɗaya. Kula mai kyau tana ja miki lokaci muddin abincin yana turiri, amma kular da ake buɗewa kowane minti goma ba ta riƙe komai.

Saboda haka tukunya biyu ake yi, ba ɗaya ba.

Tukunyar farko da asuba, wajen biyar. Ta rabo ce da karin kumallo. Tana sauka a zuzzuba a kwanuka, nama biyu ko uku a kai, cincin a ƙulle a leda a gefe, yara su kai gida-gida da sanyin safiya kafin a shiga wanka. Rana tana fitowa wajen bakwai saura, to kafin takwas an gama rabo. Ki rufe kowane kwano da murfi ki ɗaure da tsumma saboda ƙura. Maigadi, mai kawo ruwa a kura, gwauruwar da ke ƙarshen layi, ɗalibin da bai samu kuɗin motar gida ba, su ne farkon layi. Tukunyar nan kada ta yi saura.

Sai sujada. Ku tafi da gorar ruwa kowa da tasa, domin ranar Kirsimeti kowace ƙungiya sai ta yi waƙa: 'yan kwaya, Zumuntar Mata da tulunansu da caki, Sabon Rai, yaran makarantar Lahadi da wasan makiyaya da mala'iku, ga karatun Luka sura 2, ga baikon coci da ake kaiwa da rawa layi-layi. A cocin ECWA ko COCIN ko EYN, sujadar da aka fara tara tana iya kai ɗaya. Idan cocinku tana da sujada biyu, mai jariri da mai tsoho su zaɓi ta farko. Ɗan'uwan da aka sa wa jar rigar Baba Kirsimeti da gemun auduga yana raba wa yara alewa, don Allah wani ya tsaya kusa da shi da ruwa, a cire masa kayan bayan rabin awa. Rigar an yi ta ne don ƙasar ƙanƙara.

Daga sha biyu zuwa uku ba lokacin girki a rana ba ne, ba kuma lokacin aiken yara ba. A sha zoɓo, a ci kankana da lemo da cincin, a miƙe a tabarma. Wanda ya zo a wannan tsakanin, ruwan sanyi da soyayyen nama da cincin sun tare shi.

Tukunya ta biyu ki ɗora wajen biyu da rabi, a inuwa. Tunda miya a soye take, nama a soye, romo a shirye, minti arba'in zuwa awa ɗaya ta ishe ki. Tana sauka baƙi suna shigowa, domin a Abuja ziyarar gaske daga huɗu take farawa. Yanzu ne za a yanka salak, a wanke ganyen da ruwa mai tsabta da gishiri, a ajiye bama a kwalbarta kowa ya zuba a nasa farantin. Ki fitar da kujeru tsakar gida ko ƙarƙashin bishiya, a yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta. Rana tana faɗuwa shida da 'yan mintuna, daga nan iska ta juya, tsofaffi su fara neman mayafi. Lokacin farfesun kayan ciki ke nan, ko gwaten acca idan akwai 'yan Filato a cikin baƙin, za ki ga yadda fuskarsu za ta sake.

Kafin ki kwanta, abin da ya rage a juye a faffaɗan mazubi marar zurfi ya huce da sauri, ya shiga firij. In babu wuta, a rabar a daren. Gobe a ɗumama sau ɗaya, har ya yi turiri ciki da waje. Idan duk da haka wani ya kwana da gudawa, ki haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ƙaramin yaro da ke amai ba tsayawa, ko ya yi laushi, ko ana ganin jini, asibiti kai tsaye.

Ranar 26, da masu tafiya gida

Ita ma hutu ce ta gwamnati, kuma ita ce ranar fita da yara. Millennium Park, bakin tafkin Jabi, gidan namun daji na yara da ke Asokoro, duk cika suke yi maƙil. Ku isa kafin goma ku kama gindin bishiya, ko ku bari sai huɗu. A ɗauki tabarma, hula, daskararrun gorunan nan, soyayyen nama, cincin, lemo. Shinkafa da salak su zauna a gida. Ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa a aljihun kowane ƙaramin yaro.

Wanda kuma zai yi bikin a Jos ko ƙauyukan Filato, lissafin ya juye. Ku bar Abuja da asuba kafin Nyanya da Mararaba su cushe, ku bi Keffi da Akwanga, ku hau Hawan Kibo da rana tsaka, ba da dare ba, hazo yana rage gani kuma manyan motoci suna wahala a hawan. Kuɗin mota yana tashi daga wajen 20 ga wata, wanda ya iya tafiya kafin nan ya huta. Rigunan sanyi da safa da hular yara su kasance a jakar hannu, ba a ƙasan but ba, domin kuna gama hawan za ku ji iskar ta canza. Kayan gwari kada ki ɗauka daga nan, kasuwar Farin Gada ta Jos tana jiranki da kabeji da dankalin Turawa a farashin da zai ba ki haushin abin da kike biya a Abuja. Ki dai tafi da buhu biyu babu komai a ciki, na dawowa.